Inshorar Mallakar Fili da Rikicin Iyaka a Kaduna: Wa Zai Biya Idan Katangar Maƙwabci Ta Ci Filinka?

A unguwannin da garin Kaduna ke faɗaɗa zuwa cikinsu, irin su Hayin Rigasa, Rigachikun, Mando, Millennium City da Gonin Gora, ba baƙon abu ba ne a ga maƙwabta biyu sun yi cirko-cirko a kan layin katanga. Wannan ya ce an ci masa ƙafa biyu, wancan ya ce inda aka nuna masa ranar ciniki nan ya haƙa tushe. Kowannensu da takardarsa a hannu, wani lokacin ma mutum ɗaya ne ya sa hannu a duka biyun.

Tun bayan da harkar filaye ta koma hannun KADGIS, hukumar da ke kula da takardu da taswirar filaye ta jihar, kamfanonin yanka fuloti da masu ba da rancen gida suka ƙaru, sai wata magana ta fara shiga hirar masu saye, wato inshorar mallakar fili. Masu 'yan'uwa a Amurka ko Kanada kan ji cewa a can da wuya banki ya ba mutum rancen sayen gida ba tare da ita ba. Daga nan sai tambayoyi su biyo baya: mece ce ita, me take biya, kuma da a ce ana sayar da ita a Kaduna, za ta kashe gardamar iyaka ko ta biya wanda aka ci wa fili?

Mallaka daban, iyaka daban

Rikicin fili iri biyu ne. Akwai na mallaka, inda mutum biyu kowanne ke cewa filin nan gaba ɗayansa nasa ne. Yana tasowa idan an sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, ko wani daga cikin magada ya sayar da gidan gado kafin a raba, ko an buga takardar jabu, ko filin yana jingine a banki mai saye bai sani ba. Akwai kuma na iyaka, inda babu mai musun cewa wannan fulotin naka ne wancan nawa ne, wurin da suka haɗu kawai ake ja.

Na biyun ne ya fi shiga tsakanin maƙwabta, kuma wanda abin bai shafa ba yakan raina shi. A fuloti mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100, idan katanga ta shigo ƙafa biyu tun daga gaba har baya, an cinye murabba'in ƙafa 200, wato kashi 4 cikin 100 na filin. Waɗannan ƙafa biyun su ne hanyar ruwan wanka, ko wurin da taga za ta sha iska, ko abin da zai sa mota ta shiga ƙofa. Shi ya sa mai fili ba ya kallonsu a matsayin ƙaramin abu.

Abin da mai fili ke riƙe da shi a idon doka

Dokar Amfani da Filaye, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978, ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amanar jama'a. A Arewa wannan tsari ya riga ya zauna tun dokar Turawa ta 1910 da kuma dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda a filin gidan zama yawanci shekara 99 ne. Takardar da gwamna ke bayarwa shaida a kan wannan haƙƙi ita ce satifiket ɗin da kowa ya sani da C of O. A filayen da ba na cikin birni ba, ƙaramar hukuma na da ikon ba da haƙƙin zama irin na gargajiya.

Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce mai haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta ce wannan sharaɗi ya hau har kan waɗanda suke riƙe da filinsu na birni tun kafin 1978. Idan aka tuna gidaje nawa ne a Tudun Wada, Kawo ko Unguwan Mu'azu suka wuce hannu uku ko huɗu da takardar ciniki da hatimin mai unguwa kawai, za a ga girman giɓin da ke tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da ake yi.

Shi kansa satifiket ba ya rufe bakin kowa. A shari'ar Ogunleye da Oni a 1990, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa idan wani ya riga ka samun haƙƙi ingantacce a kan filin, satifiket ɗinka ba zai kwace masa ba. Haka ma yi wa takarda rajista ba ya gyara lahanin da ke cikinta tun asali. Ma'ana, gwamnati tana adana takardu tana kuma ba da shaida, amma ba ta ɗauki alkawarin biyan mai saye ba idan daga baya kotu ta ce filin na wani ne.

KADGIS, wadda dokar jiha ta 2015 ta kafa a zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, ta gaji aikin tsohuwar ma'aikatar filaye da safiyo. Ta zuba fayiloli a kwamfuta, ta haɗa su da hotunan garin da aka ɗauka daga sama, ta buɗe ƙofar sabunta tsofaffin satifiket da kuma yi wa filayen da ba su da takardar gwamnati rajista. Amfanin wannan a fili yake: idan taswirar fuloti biyu suka hau kan juna, na'ura za ta nuna. Sai dai na'urar filin da aka shigar mata kaɗai ta sani. Kwamitin gyaran harkar filaye da Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya yi ƙiyasin cewa filayen ƙasar nan da ke da rajista ba su wuce kusan kashi 3 cikin 100 ba.

Asalin inshorar da yadda take aiki

A Amurka aka fara ta, kuma wata shari'a ce sanadi. A 1868, a jihar Fensilbaniya, wani mai saye da ake kira Watson ya kai ƙarar Muirhead, mutumin da ya ɗauka ya bincika masa takardun wani gida. Muirhead ya ci karo da wani bashi da kotu ta ɗora a kan mai gidan na baya, ya tambayi lauya, lauya ya ce bashin bai hau kan gidan ba. Daga baya aka yi gwanjon gidan saboda wannan bashi. Kotu ta ce Muirhead bai yi sakaci ba tunda da shawarar lauya ya yi aiki, don haka babu abin da zai biya. Mai saye ya tashi a tutar babu. Jihar ta yi doka a 1874, kamfanin farko kuma ya buɗe a birnin Filadelfiya a 1876.

Inshorar mota ko ta gobara tana kallon abin da zai iya faruwa gobe, ana kuma sabunta ta duk shekara. Ta mallaka tana kallon baya ne: lahanin da ya riga ya shiga tarihin filin kafin ranar saye, wanda bai fito ba sai daga baya. Sau ɗaya ake biya, ranar kammala ciniki. Kafin kamfani ya karɓi kuɗi sai ya bi diddigin filin hannu bayan hannu, ya duba bashi, jingina, hukuncin kotu da batun gado. Idan bayan haka wani magajin da ba a san da shi ba ya bayyana, ko aka gano sa hannun jabu a can baya, kamfanin ne zai ɗauki lauya ya kare mai saye, in an yi rashin nasara ya biya asarar har zuwa adadin da aka rubuta a takardar.

Iri biyu ce. Akwai ta banki, wadda ke kare kuɗin da banki ya ranta, tana raguwa yayin da ake biyan bashin. Akwai ta mai gida, wadda ke kare shi muddin gidan yana hannunsa. Abin lura a nan shi ne, a Amurka abin da kamfanonin ke biya na diyya yawanci bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin da suke karɓa ba. Mafi yawan kuɗin a bincike da la'adar wakilai yake tafiya. Sana'ar ta dogara ne a kan gano matsala tun kafin a sa hannu, kuma hakan ba ya yiwuwa sai inda akwai rumbun takardu cikakke da za a bincika.

Sharaɗin da ke fitar da rikicin iyaka

A nan ne mafi yawan masu jin labarin ke yin kuskure. Takardar inshorar mallaka ta yau da kullum tana ɗauke da shafin abubuwan da kamfani ya ce ba ruwansa da su. A cikinsu kusan koyaushe akwai layin da ke cewa ba za a biya komai ba a kan saɓanin iyaka, ko ginin da ya shiga filin wani, ko ƙarancin fili, ko duk wani abu da awon safiyo na ƙwarai zai iya bayyanawa. Dalilin kamfani shi ne takardu ya bincika, bai je ya ga ƙasa ba.

Ana iya cire wannan layi, amma da sharaɗi. Mai saye zai kawo sabon awo daga safiyo mai lasisi, sau da yawa ya ƙara kuɗi. Idan awon ya nuna katangar maƙwabci ta riga ta shigo ƙafa biyu, kamfani zai rubuta wannan katanga da sunanta a jerin abubuwan da ba zai biya ba, domin matsalar da aka riga aka sani ba a yi mata inshora. Abin da ya rage masa shi ne kuskuren da awon bai gano ba.

To idan bayan an saya ne maƙwabci ya turo katangarsa fa? Wannan sabon abu ne da ya faru bayan ranar inshora, takardar yau da kullum ba ta ɗauke shi ba. Akwai wani tsari mafi faɗi da ake sayar wa masu gidan zama a Amurka wanda ya yarda ya biya idan maƙwabci ya shigo da gini daga baya, amma ko a cikinsa an ware katangar iyaka da shinge. Kwace fili da gwamnati ke yi don aikin jama'a shi ma yawanci a waje yake.

Ko a Ingila, inda gwamnati da kanta ke tsaya wa rajistar mallaka tana kuma biyan diyya idan kuskure ya fito daga rajistar, taswirar hukuma iyaka ta gaba ɗaya take nunawa. Ba ta faɗin ainihin inda layin ya bi, sai in maƙwabta sun nemi a tantance musu shi na musamman.

Daga ina ƙafa biyun ke ɓacewa?

Yawancin sababbin unguwannin Kaduna gonaki ne a da, da yawansu na Gbagyi da sauran mutanen ƙauyukan da gari ya cim musu. Iyakar gona kuwa gamba ce, ko layin bini-da-zugu, ko wata bishiya, ko kwari. Irin wannan alama ta wadatar da manoma biyu da suka san juna, domin taku ɗaya nan ko can bai hana kowa girbi ba. Ranar da aka yanka gonar fuloti-fuloti, kowane taku ya zama kuɗi, alamomin kuma su ne farkon abin da ake sarewa.

Yankan da ake kira awon igiya yana da lahani a cikin yadda ake yin sa. Ana farawa daga gefe ɗaya a ja igiya ko tef, ana kafa turaku ko bulo. Ƙasa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, igiya tana saki, gonar kuma ba murabba'i ba ce. A takarda kowa 50 da 100 aka rubuta masa, a ƙasa kuwa jimillar ba ta cika ba. Waɗanda suka riga gini sukan ɗauki nasu cif, magini ya ɗan ƙara don kaurin bulo, na kusa ya ɗora daga inda wancan ya tsaya. Wanda ya zo ƙarshe, wataƙila bayan shekara bakwai yana tara kuɗin siminti, shi zai tarar da ƙafa 44. Zai kama maƙwabcinsa na jiki da faɗa, alhali ɓarnar ta faro ne daga gida na huɗu ko na biyar. Idan ba a ci fulotin wani ba, hanya ake ci, shi ya sa ake samun layin da aka yanka don mota ya koma lungun da ko Keke Napep ba ya juyawa.

Takardar cinikin ma ba ta cika taimakawa ba. Takan ce gabas ya yi iyaka da wane, yamma da wane, kudu da hanya. Wane ya sayar ya tashi, wanda ya yi awon ya rasu, dillalin da ya karɓi la'ada ba shi da wani alhaki a rubuce.

Awon zamani ma yana da nasa tarkon. Wayar hannu da ƙananan na'urorin nuna wuri kan yi kuskuren mita uku zuwa biyar, wanda ya ninka abin da ake rikici a kansa. Tsofaffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, wato tsarin awon da ya ɗauki garin Minna a matsayin tushe, na'urorin yanzu kuma da ma'aunin duniya suke fitowa, idan ba a daidaita su ba fili yakan goce da mita masu yawa a kan taswira. Shi ya sa doka ta keɓe wannan aiki ga safiyon da ke da rajista da SURCON, hukumar safiyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989, wanda zai kafa turakun siminti masu lamba ya kuma sa hannu a taswirar da za a iya tuhumarsa a kanta.

Sai kuma rigingimun da ke manne da iyaka ko da layin bai motsa ba: indararon da ke zuba a gidan maƙwabci, tagar bene da ke leƙa tsakar gidan wani, ramin masai da aka haƙa jikin katanga, da katangar haɗaka da wani ya gina wani ya ɗora rufi a kai. Waɗannan hurumin ƙa'idojin gini ne da KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ke kula da su, babu inshorar mallakar da ke taɓa su.

Idan magana ta wuce zaure

Matakin farko a Kaduna har yanzu shi ne mai unguwa, dagaci ko hakimi, tare da limami ko fasto da dattawan layi. Sulhunsu yana da ƙarfi saboda abin da mutane suka yi imani da shi. A hadisin da Muslim ya ruwaito an la'anci wanda ya canza alamomin ƙasa, a wani kuma da Bukhari da Muslim suka ruwaito an yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci. Littafi Mai Tsarki ma, a Maimaitawar Shari'a 19:14, ya hana kawar da shaidar iyakar maƙwabci. Raunin sulhun shi ne sau da yawa da baki ake yin sa. Idan ba a rubuta ba, ba a kira safiyo ya kafa sabon turke ba, 'ya'ya za su tayar da maganar bayan iyaye.

Wasu kan garzaya ofishin 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin da ba laifi ba ne, kuma ɗan sanda ba shi da ikon yanke inda iyaka ta bi. Amma rushe katangar wani da hannunka ko tumɓuke turken safiyo na iya zama laifi, mai gaskiya ya koma wanda ake tuhuma.

A kotu, tambayar farko ita ce wace kotu. Sashe na 39 na dokar 1978 ya keɓe wa Babbar Kotun jiha shari'ar filin da ke ƙarƙashin haƙƙin da gwamna ke bayarwa. Filin da ke ƙarƙashin haƙƙin gargajiya ƙananan kotuna na iya saurara, waɗanda a Kaduna tun 2001 suka kasu zuwa kotunan Shari'a da na gargajiya, kuma a shari'ar Adisa da Oyinwola a 2000 Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotu ma na da hurumi a kansa. Wanda ya kai ƙara inda babu hurumi zai iya cin nasara, bayan shekaru a rushe hukuncin a sama, a koma farko.

A shari'ar Idundun da Okumagba a 1976, Kotun Ƙoli ta jero hanyoyi biyar na tabbatar da mallaka: tarihin gado na gargajiya, takardu ingantattu, ayyukan da ke nuna iko da fili tsawon lokaci, daɗewa ana riƙe da shi, da mallakar filin da ke manne da shi. Amma kafin duk wannan, mai ƙara sai ya nuna wa kotu ainihin wurin da yake nema da iyakokinsa ba tare da kokwanto ba. Wanda ya kasa wannan ƙararsa ta faɗi, ko da maƙwabcin nasa ba shi da hujja mai ƙarfi.

Lokaci ma yana cin haƙƙi. Dokar jiha ta sa wa'adin shigar da ƙarar neman fili. A fiƙihun Malikiyya akwai hauzi: kamar yadda ya zo a Risala, wanda ya riƙe wuri shekara 10 ana danganta shi gare shi, mai wurin yana gari, yana sane, bai ce komai ba, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka, sai dai wannan wa'adi ba ya aiki tsakanin dangi da surukai. Kawaicin da ake yi wa maƙwabci don zaman lafiya yana iya zama hujja a kan mai kawaicin. A ɗaya ɓangaren, ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce abin da aka gina a kan ƙasa na mai ƙasar ne, don haka wanda ya ci gaba da gini bayan an yi masa magana yana jefa kuɗinsa cikin haɗari.

Yadda masu ruwa da tsaki ke kallon lamarin

Masu son a kawo inshorar, galibi daga ɓangaren bankuna da masu gina rukunin gidaje, hujjarsu ita ce a yanzu mai saye shi kaɗai ke ɗauke da dukkan haɗarin. Idan ciniki ya lalace, abin da ya rage masa shi ne bin mai sayarwa, wanda wataƙila ya cinye kuɗin. Suna ganin idan kamfani mai jari ya tsaya a tsakani, bincike zai inganta tunda kuɗinsa ne a ciki, banki zai fi sakin jiki da rance, kuɗin lauya kuma ba zai karya mai ƙaramin ƙarfi ba. Wannan hujja tana da nauyi a rikicin mallaka.

Masu shakka suna cewa kamfani ba zai iya yanke farashin haɗarin da ba zai iya aunawa ba. Inda yawancin filaye ba su da fayil, gado ba a raba shi a rubuce, shari'a kuma tana daɗewa, ko dai kuɗin inshorar ya yi tsada ƙwarai, ko a cika takardar da sharuɗɗan da za su fitar da duk abin da ke damun mutane. Suna ƙarawa da cewa harkar inshora gaba ɗayanta ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar nan ba, kuma Musulmi da yawa suna ƙaurace mata saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, da riba. Amsar da ake ba wannan na ƙarshe ita ce takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, wadda NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta fitar wa ƙa'idoji a 2013. Takaful ta warware damuwar addini, ba ta warware matsalar rashin takardun da za a bincika ba.

Akwai ra'ayi na uku, mai cewa gwamnati ce ya kamata ta tsaya wa rajistarta. Wannan shi ne tsarin da Robert Torrens ya kawo a Kudancin Ostireliya a 1858: wanda sunansa ke cikin rajista shi ne mai fili, wanda kuskuren rajista ya cutar kuma asusun gwamnati ya biya shi. Ƙasashen da ke bin wannan tsari ba su dogara da inshorar kamfani kamar Amurka ba. Masu suka suna tambaya ko asusun diyya na gwamnati zai riƙa biya a kan lokaci, ga shi kuma a rigingimun fili da dama gwamnatin ce ɗaya ɓangaren.

Duk ra'ayoyin uku sun haɗu a wuri ɗaya ko ba su faɗa ba: babu wanda zai yi aiki sai an auna ƙasa an shigar da ita rajista, unguwa guda a lokaci guda, maƙwabta suna tsaye. Awon fuloti ɗai-ɗai, kowa da safiyonsa da ranarsa, shi ke haifar da taswirorin da ke hawa kan juna.

Abin da wannan ke nufi ga mai fuloti

Ko da gobe aka fara sayar da inshorar mallaka a Kaduna, wanda ya sayi awon igiya da takardar mai unguwa ba ya cikin waɗanda za a fara karɓa. Masu satifiket a fulotan da gwamnati ta yanka da masu karɓar rancen banki su za ta fara samu, su ne kuma dama suka fi ƙarancin matsala. Mai rance ya sani cewa idan ta banki kaɗai aka yanka, ko da daga aljihunsa kuɗin ya fita, bankin take karewa. Kuɗin da ya zuba da kansa ba ya ciki.

Akwai kuma batun darajar naira. Diyya ba ta wuce adadin da aka rubuta ranar saye. Filin da aka saya shekara goma da suka wuce, in aka mayar wa mutum kuɗinsa na wancan lokaci, ba zai sayi irinsa a unguwar ba, balle ginin da ya ɗora. A wani gefen kuma, binciken da kamfani zai tilasta zai iya amfanar mata da marayun da ake sayar da gadonsu ba da saninsu ba, domin babu kamfanin da zai sa hannu bai ga takardar rabon gado ba.

Kafin nan, aikin da kamfanin zai yi mai saye ne zai yi wa kansa, tun ran gini tun ran zane. Binciken fayil a KADGIS zai nuna sunan da ke kan fili, ko yana jingine, ko ya faɗa cikin hanya ko wurin da gwamnati ta keɓe. Idan na gado ne, takardar rabo daga kotu da sa hannun dukkan magada sun fi rantsuwar babban wa. Awon safiyo mai rajista ya kamata ya zo kafin a biya kuɗi, a kuma kira maƙwabtan kowane gefe da mai unguwa su ga inda aka kafa turaku, su sa hannu a kan abin da suka gani. A takardar ciniki lauya na iya rubuta cewa idan fili ya gaza abin da aka faɗa, ko wani ya fito da haƙƙi, mai sayarwa zai mayar da kuɗi gwargwadon asarar. Katangar haɗaka ma a rubuta wanda ya gina ta, a kan filin wa take, da ko an yarda a ɗora mata rufi.

Idan kuwa wani kamfanin fuloti ya ce filayensa suna da inshora, mai saye na da damar ya nemi ganin takardar. Ya duba sunan kamfanin inshorar da ko NAICOM ta ba shi lasisi, ya ga ko ta mallaka ce ko ta gobara da rushewar gini, ya ga sunan wanda za a biya. Daga nan ya buɗe shafin abubuwan da aka ware, ya nemi layin da ya ambaci iyaka da awon safiyo. Idan layin yana nan, rikicinsa da maƙwabci a kan katanga ba ya cikin abin da aka sayar masa.